Shirun Ciniki

Shekara biyu ina hawa benen nan na Bompai,
Litinin, Laraba, Asabar,
ina yi wa kamfanin casar shinkafa lissafi,
kwamfuta a jaka, wayar cajinta ɗaure da salatif.
Ni ba ma'aikaciyarsu ba ce:
ba hutu, ba fansho, ba buhun azumi.
Ranar da na zo ita ake biya.
Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, sai dai Allah ya sawwaƙe.

Dubu goma sha biyar a yini.
Sa'ad da muka yanka wannan kuɗi,
buhunsu bai kai rabin farashinsa na yau ba.
Na sani. Ai ni ke rubutawa.

Daren jiya a Gwammaja na tsaya gaban madubi
ina maimaita adadin har ya daina yi wa harshena nauyi.
Inna Tasalla tana ji na daga kan tabarma,
ita da ta shekara talatin tana auna man gyaɗa a kasuwar Rimi.
Ta ce, Barira, in kin faɗi kuɗi, ki kama bakinki.
Wanda ya fara jin kunyar shiru, shi ke faɗuwa.

Yau Manaja Tasi'u ya turo takarda kan tebur,
sabon kwanan wata, tsohon adadi,
ya ɗora biro a kai kamar an gama magana.
Fanka na juyi. A ƙasa inji na gurnani.

Na ce, ashirin da biyar.

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
Ya kawo dizal, ya kawo haraji, ya ce kasuwa ta kwanta.
Ya ce haba, ke fa 'yar gida ce.
Ya ce akwai wani yaro, bana ya gama bautar ƙasa,
goma ma zai karɓa, har da godiya.

Zuciyata ta ce, sa hannu, da babu gara ba daɗi,
ga kuɗin makarantar Nusaiba na tafe.
Sai na buɗe littafina, shafi na tara:
buhu ɗari biyu da sha ɗaya
da suka yi ɓatan dabo tsakanin sito da mota,
na tono su cikin rasit uku, daren wata Asabar,
daren da ba wanda ya biya ni.
Na juya masa shafin. Na naɗe hannu.

Na ƙirga ƙarafan taga, bakwai.
Na sake ƙirgawa, bakwai ɗin dai.
Gumi ya gangaro ƙarƙashin mayafi.
“To shi ke nan” ta taso har maƙogwaro,
na haɗiye ta da yawu.

Ya ce, sha takwas.
Na ce, albarka.
Muryar Inna ce ta fito, ba tawa ba.
Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda ya gane jinin kasuwa.
Ashirin.
Albarka.
Ashirin da biyu, kuma wallahi nan na tsaya.
Na ce, a biya cikin mako, ban da “dawo ƙarshen wata”,
aikin dare kuma a lissafa shi rabin yini.
Ya soke tsohon adadi da hannunsa.
Na sallama.

Dubu uku ta maƙale a saman bene.
Na bar ta can, akwai baɗi.
Sai a kan matakala gwiwoyina suka fara rawa.

A bakin titi na tsayar da Adaidaita.
Gwammaja nawa?
Ɗari bakwai, Hajiya.
Na ce, kai yaro, jiya fa biyar na ba da.
Bai ce mai ya tashi ba. Bai rantse ba.
Ya dafa kan babur ɗinsa, ya zuba wa kwalta ido,
ya kama bakinsa.

Na san wannan shirun.
Na tattara mayafina na shiga.